Idon Baba da Wayar Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, Baba ma jiki da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon bayan da ba ya rabuwa da duk makanikin da ke wuni a ƙarƙashin mota. Aikin hanya ya matsa gaba, yanzu sansaninmu yana bakin kogi inda za a gina gada. Ɗakinmu kwantena ce, mu huɗu, gado bisa gado. Ruwa akwai, wuta sai janareta ya ga dama. Abin da babu shi ne sabis.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Duk Lahadi da safe nakan hau wani tudu, tafiyar minti arba'in, can kaɗai waya ke kamawa. Lahadin da ta wuce na kira ki sau biyar ba ki ɗaga ba. Na tura saƙo na ce, "Yaya idon Baba, an yi aikin?" Na zauna a kan dutse ina jira. Bayan rabin awa amsa ta shigo: "Akwai. Wane launi ake so? A turo awon tagar." Na karanta wa abokin aikina, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Na san sana'ar labulen nan ita ke riƙe da ke, kuma na san duk kwastomominki a waya suke. Amma ni ba taga gare ni ba, uba gare ni.

Direban da ke kawo mana siminti yana bi ta bakin layinmu. Ya yarda zai riƙa ajiye wasiƙata a shagon mai kanti, ya karɓo taki duk Alhamis. Ki faɗa mini ranar da aka yi aikin, wane ido ne, da abin da likita ya ce. Ki gaishe da Baba ƙwarai.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikas salam. Na karɓi wasiƙarka, na ji daɗi da kake lafiya. Bayan nan naka ka riƙa gasa shi da ruwan zafi, ka daina jarumta. An yi wa Baba aiki ranar Litinin ta makon jiya, idon dama ne, an cire yanar, ko awa ɗaya ba a yi ba. Washegari aka buɗe bandeji. An ba mu maganin ɗigawa kala biyu.

Saƙon launi kuwa, ka yi haƙuri. Wallahi ban ma san kai ba ne. Na ji kunya har na rasa inda zan sa kaina.

Akwai abin da zan faɗa maka, kuma ba na jin daɗin faɗarsa. Ranar Laraba Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ce in zauna. Ya ce tun da aka cire masa yanar nan ba ya ganin komai a gidan nan sai tsakar kaina, domin kullum a sunkuye nake a kan waya. Ya ce shekara uku yana ɗokin ya ga fuskar autarsa sosai, ashe kitsonta aka buɗe masa ido ya gani. Cikin raha ya faɗa, amma ni ban ji ta raha ba.

Dama ranar da safe na tafka ɓarna. Wata mai makarantar yara ta ba ni odar labulen tagogi goma sha biyu. Awon yana cikin waya. Na shimfiɗa yadi a tebur, almakashi a hannu, na buɗe wayar in duba tsawo. Kafin in kai ga saƙonta na amsa wa mutum huɗu, na kalli bidiyon wata tana koya naɗin labule, daga nan na faɗa na wani biki da ban san ko na waye ba. Da na dawo, awon wata kwastoma daban na karanta. Na yanke tagogi bakwai, kowace ta gaza da inci goma. Yadin yana nan a ninke a ƙarƙashin tebur, duk sanda na shiga ɗakin ɗinki sai ya harare ni.

Na zauna na duba abin da nake yi da wunina. Wayar da kanta tana nuna awa nawa aka yi a kanta. Ta ce tara. Na san na sana'a a ciki ba su kai biyu ba.

Ga abin da na yanke. Da safe in na tashi zan kashe ta, in sa a durowar kicin, can ƙasa inda ake ajiye murafen tukwane. Ba zan kunna ba sai ƙarfe huɗu. Daga huɗu zuwa shida in amsa saƙonni, in ɗora hotuna, in karɓi oda. Na sa shafin sana'ata ya riƙa ba mutane amsa da kansa cewa su jira lokacin. Na goge duk wuraren kallon bidiyo. Na sayi babban littafi mai bango mai kauri, kowane awo sai ya shiga ciki da biro kafin almakashi ya taɓa yadi. Na kuma ɗauko tsohon agogon tebur na Mama, Allah ya jiƙanta, na saita shi saboda maganin Baba.

Don haka in za ka kira, ka kira bayan ƙarfe huɗu. Baba yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni.

Wasiƙarki ta iso, amma direban ya jefa ta a ƙarƙashin kujera kusa da galan ɗin baƙin mai, galan ɗin kuma ya tsiyaye. Rabin shafin farko kawai ya tsira. Na karanta har inda kika ce akwai abin da ba ki jin daɗin faɗa, Baba ya kira ki ya ce tun da aka cire yanar ba ya ganin komai. Daga nan baƙi ƙirin. Shafi na biyu ya manne, na yi ƙoƙarin ɓamɓare shi da reza ya yage. Na ɗaga shi a rana, na shafa fetur a gefe, ban samu ko kalma ɗaya ba.

Me ake nufi da ba ya ganin komai? Idon da aka yi wa aiki, ko duka biyun? Kun koma asibiti? Me suka ce?

Yau Lahadi tun da sassafe na hau tudu. Wayarki a kashe. Na kira sau goma sha ɗaya. Na tura saƙo ta shafin sana'arki, aka amsa mini nan take: "Mun gode da tuntuɓarmu, muna amsa saƙo daga ƙarfe huɗu zuwa shida." Na gode ni ma. Ƙarfe huɗu ina bakin injin jan ruwa, ba mai barina in matsa. Na kira Gwaggo, ta ce rabonta da jin muryarki ya fi wata, yanzu na tayar mata da hankali a banza ban samu komai ba.

Zan faɗa miki gaskiya ko ba za ki so ba. Mutumin da aka yi wa aikin ido yana bukatar wanda hankalinsa ke kansa. In sana'a ta hana ki, ki faɗa, in san yadda zan yi a kai shi wurin Gwaggo. Ba na son in ji cewa an bar shi da kwalbar magani a hannu kina can kina tambayar mutane launi.

Ki amsa ranar Alhamis ɗin nan. Ki sa takardar a leda.

Yayanki

*

Auta,

Gaisuwa. Alhamis ta zo ta wuce. Direban ya ce ya tsaya a shagon mai kanti, mai kanti ya ce kin karɓi tawa tun ranar da aka ajiye, amma ba ki bar komai ba.

Na roƙi wani ya tsaya mini a bakin inji, na hau tudu ƙarfe huɗu daidai kamar yadda shafinki ya umarta. Wannan karon ta shiga. Ta yi ta ringi har ta katse, sau uku. Ke nan tana kunne, kina kusa.

Na je wurin shugaban aiki na nemi hutun kwana biyar. Ya ce ba mai motsawa sai an gama zuba kankaren ƙafafun gada, nan da wata biyu, wanda ya tafi kuma kada ya dawo. Kin san shekara nawa na yi ina neman aikin nan. Duk da haka na haɗa jakata. In Alhamis mai zuwa direban ya zo hannu wofi, zan ajiye musu sifanoninsu in hau bayan motar.

Ba faɗa nake yi ba yanzu. Layi ɗaya ya ishe ni: yana gani ko ba ya gani?

Yayanki

*

Yaya,

Yana gani. Ka kwance jakarka.

Yanzu sai in gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Baba lafiyarsa ƙalau, yau da safe shi ya tsinto mini allurar da ta faɗi a ƙasan keken ɗinki.

Abin da man ya cinye wasa ne. Cewa ya yi ba ya ganin komai sai tsakar kaina, saboda sunkuyon da nake yi a kan waya. Sauran wasiƙar duk labarin yadda na yanke shawarar kashe wayar ne daga safe zuwa ƙarfe huɗu, har na ce maka ka riƙa kira bayan huɗu. Wato ranar da ka kira sau goma sha ɗaya, wayar tana kicin a cikin durowa, ni kuma ina zaune gaban Baba ina yanke masa farce.

Da na karanta maganar Gwaggo da kwalbar magani, raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara huɗu ke nan ni ke wanke masa kaya, ni ke kai shi asibiti, ni ke jin tarinsa ta bango. Kai kuma da ka zo hutun bara, kwana shida ka yi a kujerar falo kana kallon ƙwallo a waya. Baba ya ba ka labarin filinsa sau biyu, sau biyun "uhm" ka ce. Na rubuta maka amsa mai zafi shafi uku, na yaga.

Amma ba fushi kaɗai ya hana ni amsawa ba, kuma wannan ne abin da ya fi mini wuyar rubutawa.

Kwana uku bayan na aika maka waccan wasiƙar, na zauna ina kwashe awon mutane daga waya zuwa littafi. Ina bin tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya, sai na ci karo da wanda ban taɓa buɗewa ba, tsakanin mai tambayar farashi da mai cewa a rage mata. Daga asibiti ne. Tunatarwa ce cewa a dawo da Baba a duba idon mako ɗaya bayan aiki. Ranar ta wuce da kwana shida. Sun ma faɗa mini da baki ranar da aka sallame mu, na tuna ina tsaye gaban ma'aikaciyar jinya ina cewa to, to, idona yana kan waya.

Na shiga ɗakinsa na ce ya cire tabarau. Idon ya yi ja. Na ce tun yaushe? Ya ce kwana uku, yana ɗan yi masa nauyi, amma ya ga aiki ya yi mini yawa. Na duba takardar magani da kyau. Mai farin murfi sau huɗu ake ɗigawa a rana. Ni sau biyu nake yi, na haɗa shi da ɗayan.

Da gari ya waye muka tafi. Likitar ta duba, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ina kuka shiga?" Baba ya ce shi ya manta. Ta ce kumburi ne, da mun ƙara mako guda da labarin ya canja. Ta sauya magani, ta ce mu riƙa zuwa duk bayan kwana biyu.

A cikin kwanakin nan wasiƙarka ta zo tana tambaya ko yana gani. Ka yi kuskuren karatu, amma ba ka yi kuskure sosai ba. Ranar da ka kira ƙarfe huɗu, wayar tana hannuna. Ina kallon sunanka har ta katse, sau ukun. Idon bai washe ba a lokacin. In na ɗaga, ko in yi maka ƙarya ko in faɗa maka abin da na yi, kuma duka biyun na kasa. Ban san kana shirin barin aiki ba sai da wasiƙarka ta biyun ta zo.

Jiya likitar ta ce kumburin ya sauka gaba ɗaya, ya karanta allon haruffa har layi na biyu daga ƙasa. Sai bayan wata guda za mu koma. Na rubuta ranar da alli a jikin ƙofar ɗakin ɗinki.

In har yanzu kana ganin a kai shi wurin Gwaggo, ba zan yi musu ba. Amma ka tambaye shi tukuna.

Auta

*

Auta,

Na gode wa Allah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba.

Jakata tana bakin ƙofa lokacin da motar ta shigo. Direban ya miƙo mini leda cikin leda, ya ce kin yi masa kashedin da har yanzu kunnensa ke zafi. Na karanta layin farko a tsaye, sauran sai da na zauna a kan taya. Na mayar da kaya cikin akwati, ba wanda ya san komai sai abokan ɗakina.

Maganar asibiti, kin yi sakaci, kin kuma gyara kafin kowa ya sani. Da kin yi shiru da ba zan taɓa ji ba. Ba ni da abin ƙarawa a kai.

Maganar Gwaggo na janye ta, ki yafe mini. Na faɗe ta ne daga kan tudu, inda komai ke da sauƙin faɗa. Ta hutun bara kuma gaskiyarki ce. Na zauna ina ƙoƙarin tuna abin da Baba ya ce game da filin, ban tuna ko kalma ɗaya ba. Sakamakon wasan kuwa ina iya faɗa miki shi yanzu.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ci gaba da kulle babbar wayar, amma bai kamata a rasa hanyar samun gida ba. Na ba direban tsohuwar ƙaramar wayata mai madannai, wadda ba ta iya komai sai kira. Ki sa mata layi, kada ki ba kowa lambar sai ni da Gwaggo da asibiti. Ki bar ta a aljihun Baba.

Yaya kika ƙare da mutanenki? Suna haƙurin jiran ƙarfe huɗu?

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Ƙaramar wayar ta iso, lambar tana bayan takardar nan. Baba ya sa ta a aljihun gaba, yana taɓa ta lokaci lokaci kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Gwaggo ta kira shi sau uku a wuni ɗaya, ya ce in tambaye ka ko ita ma akwai durowar da za a sa ta.

Ka tambayi mutanena. Wasu sun tafi. Wata ta rubuto da rana tsaka, kafin ƙarfe huɗu ta turo alamar tambaya guda tara, ta ƙare da cewa ta samu wata mai ɗinkin da ta san darajar kwastoma. Mai makarantar yara ta karɓi labulenta bayan na sake sayen yadi, amma ba ta dawo ba, ban kuma ga laifinta ba. Waɗanda suka tsaya sun saba. Abin da na lura shi ne, tun da suka san sau ɗaya zan amsa, sai su turo komai a saƙo guda: awo, launi, adireshi. Da can sai mu yi wuni muna jefa wa juna kalma ɗaiɗai.

A da labule huɗu nake gamawa a rana in na yi ƙoƙari. Yanzu bakwai, kuma makon nan ban farke ɗinki ko ɗaya ba.

Kada ka ɗauka na zama waliyyiya. Har yanzu hannuna yana zuwa aljihu da kansa ya tarar ba komai. Ranar Talata na shiga kicin shan ruwa ƙarfe goma sha ɗaya, na ce bari in duba abu ɗaya kawai. Agogon magani ne ya dawo da ni, ina tsaye a gaban durowa, minti hamsin sun tafi. Washegari na ba Baba wayar ya ajiye a ƙarƙashin matashinsa. Shi ba a yi masa wayo, kuma ba ya jin roƙo.

Yanzu da safe yakan jawo kujera ya zauna a ƙofar ɗakin ɗinki. Shi ke karanto mini awo daga littafi, ni ina yanka. In na ce inci tamanin ya ce a'a, tamanin da huɗu, duba da kyau. Jiya ya ga wasiƙunka a kan tebur ya ce in miƙo masa. Na ce ba nasa ba ne. Ya ce duk abin da aka rubuta a kansa nasa ne. Ya karanta su duka da kansa, a hankali, yana bi da yatsa. Da ya gama ya ce in bar masa wuri a ƙasan takarda. Ga shi nan, ban taɓa masa ko harafi ba.

Ƙanwarka,
Auta

Babban gida, ni ne da hannuna. Ina gani. Kada ka sake cewa za ka bar aiki saboda ni, ban yarda ba. Ƙanwarka tana kula da ni, kuma ba inda za ni. Rubutunka ya lalace, ka riƙa raba kalmomi. Ranar Lahadi ka hau tudun nan naka, ka samu wuri mai inuwa ka zauna sosai. Ina da magana mai tsawo.

Babanka